Wa Ya Ce Alƙalami Ya Kori Fartanya?

Ya ku 'yan makaranta, na makarantun Gwamnati da na Mishan, samari da 'yan mata! Yau da ƙara na zo. Ku ne waɗanda na ke ƙara, ku ne kuma alƙalai. Saboda haka ku daure ku karanta har ƙarshe, gama alƙalin kirki ba ya yanke shari'a tun mai ƙara bai rufe bakinsa ba.

Ga abin da ya ta da maganar. Wata bazara na sauka gidan wani ɗan'uwana a ƙasar Ƙanƙara. Yana da 'yar garka bayan gida, faɗinta bai fi a shimfiɗa tabarma goma ba, amma akwai alayyafo, da kuɓewa, da rama, da zogale kafa uku, da wani ɗan mangwaro da bai kai ƙugu ba. Da la'asar sakaliya tsohon ya ce wa ɗansa, wanda ya zo hutu daga makarantar kwana, ya ɗauki guga ya ba alayyafo ruwa. Yaron bai ƙi ba, don ɗa ne mai ladabi. Amma ina zaune bayan danni, sai na ji yana ce wa abokinsa, "Ai saura kaɗan. Da na gama karatu zan bar musu ƙauyensu da fartanyarsu. Mu da muka yi boko, me ya haɗa mu da kashin awaki?" Da dare kuwa aka kawo tuwo da miyar alayyafon nan, ban ga ya tsame hannu ba sai da ya ga gindin akushi.

Ban yi fushi da yaron ba, don ba shi ya ƙago maganar ba, tsintarta ya yi. Ta daɗe tana yawo cikin makarantunmu, har ta zama kamar karatu na daban wanda ba a rubuta shi cikin littafi ba, amma kowa ya haddace: wai amfanin ilimi shi ne ya raba mutum da ƙasa, ya kai shi birni, ya zaunar da shi kan kujera. Ni kuwa na ce wannan magana ƙarya ce, kuma ƙarya mai tsada, gama ta cinye mana samari fiye da yadda fara ke cinye gero.

DAGA INA RAININ YA FITO?

Laifin farko na malamai ne, kuma sai su yi mini gafara. Yaro ya makara, a ba shi fartanya. Ya yi surutu cikin aji, a ce ya je ya nome bayan ofis. Ya tsallake shinge, a sa shi haƙa ramin shara. Shekara shida ana nuna masa cewa fartanya 'yar'uwar bulala ce, sa'an nan ranar da ya fita a tara su a yi musu lacca, a ce noma tushen arziki. Wace maganar za su gaskata, ta baki ko ta jiki? Ban taɓa jin an hori yaro da cewa ya je ya taɓa kwamfuta ba. Da an yi haka shekara shida, da ita ma sun tsane ta.

Laifi na biyu na iyaye ne. Uba ya sayar da masara ya biya kuɗin makaranta, sa'an nan ya ce wa ɗan, "Yi karatu, kada ka ƙare kamar ni." Nufinsa alheri ne, amma abin da yaron ya ji shi ne, sana'ar da ta ciyar da shi abin kunya ce. Da ya ce, "Yi karatu, ka zo ka fi ni iya noman nan," da ya faɗi gaskiya, ya kuma riƙe ɗansa.

Laifi na uku naku ne, ku da kuka ji kuka karɓa ba ku auna ba. Ai ma'auni aka kai ku makaranta ku samo. To, bari mu auna.

MU AUNA DA BAZARA

Na zaɓi bazara don ita ce mai tona asirin kowane wuri. Da hunturu ko'ina da daɗin kwana, da damina ko'ina kore ne. Amma daga watan Maris zuwa Mayu, sa'ad da iskar hunturu ta ɗauke, ruwa bai sauka ba tukuna, rana kan kusanci digiri 40 a ƙasarmu, wani lokaci ta wuce. A shekarar 2024, da azumi ya faɗo cikin tsakiyar bazara, an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali ranar 3 ga Afrilu, mu ma nan kowa ya ji a jikinsa.

To, ina mutum ya fi shan wannan zafi? Malaminku na kimiyya zai gaya muku cewa kwalta da siminti da bulo suna shan zafin rana yini zubur, su riƙe shi, in dare ya yi su amayar. Rufin kwano kuwa ba ya tare zafi, tura shi ya ke yi cikin ɗaki. Shi ya sa mai haya a lungun birni, wanda tagarsa ke kallon bangon maƙwabci, kan kwana yana juyi kamar waina a tanda. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara, zafi kan daɗe bai ratsa shi ba. Itace kuma ba inuwa kaɗai ya ke bayarwa ba: yana jawo ruwa daga ƙasa, ya fitar da shi ta ganye, iskar da ke kewaye ta yi sanyi, kamar yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwa ta wurin tsattsafowa. Wanda ya taɓa zama gindin mangwaro kusa da fangalin da aka ba ruwa da yamma ya san abin da na ke faɗi, ko da bai san dalilin ba. Ku kuwa kun san dalilin. Ina amfanin sanin, in kun gudu daga inda ya ke aiki?

Sai kuma hayaniya. A birni, in wuta ta ɗauke janareta ya tashi, in wuta ta dawo rediyo da talabijin su tashi. Da asuba injin markaɗe, da hantsi ƙahon motoci da na A Daidaita Sahu, da rana mai tallan magani da lasifikarsa yana lissafa cututtukan da kunya ke hana a faɗa gaban surukai, da dare kiɗan biki. Masana lafiyar kunne sun ce ƙarar da ta wuce desibel 85, in mutum yana cikinta awa 8 kullum, tana cin jinsa sannu a hankali, abin da ta ci kuwa ba ya dawowa. Ban da wannan, barcin da hayaniya ta kakkatse ba ya hutar da jiki, kan da bai huta ba kuwa ba ya riƙe karatu. Ku tambayi kanku, a ina hadda ta fi zama, gindin tsamiya ko bakin tasha?

Kada ku ce na ce birni ba shi da amfani. Can manyan asibitoci su ke, can jami'o'i su ke, can kasuwar da ke sayen amfanin gonarmu ta ke. Wanda karatu ko aiki ya kira shi ya tafi, Allah shi ba da sa'a. Abin da na ƙi shi ne tafiya don raini, ba da sana'a a hannu ba, ba da masauki ba, sai zato. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Da yawa sun tafi da takardar shaida cikin aljihu, sun ƙare suna sayen alayyafo ɗauri guda da kuɗin da ba su da shi, alayyafon da ya ke tsirowa kyauta a makwararar gidan ubansu.

LAMBU MAKARANTA NE

Mai cewa lambu aikin jahilai ne bai taɓa yin lambu da bazara ba. Bari in ɗan buɗe muku littafin, ku gani ko akwai darasin ajinku da ba ya ciki.

Darasi na fari, sanin lokaci. Tumatir da albasa da kabeji da latas, sanyin hunturu su ke so. In zafi ya wuce kamar digiri 35, tumatir kan zubar da fure bai ƙulla 'ya'ya ba, shi ya sa ku ke ganin kwandonsa ya yi arha a watan Fabrairu, ya yi tsada a watan Yuni. Mai hankali sai ya yanka nasa lokacin arha, ya shanya ya yi kauɗa, ya ajiye. Da bazara kuwa sai ya koma ga masu jimirin rana: alayyafo, da kuɓewa, da rama, da yakuwa, da lalo, da zogale. Alayyafo mako 3 zuwa 4 an fara tsinka. Kuɓewa wata 2 ta fara bayarwa. Zogale ko reshe ka sara ka kafa, ya kama.

Darasi na biyu, lissafi. Milimita 1 ta ruwa a kan fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi, lita 1 ke nan. Da tsananin bazara rana da iska kan kwashe kamar milimita 7 ko 8 a yini daga fangalin da ganye ya rufe. To, fangali mai tsawon mita 3 da faɗin mita 1, lita nawa ya ke bukata? Ku buga. Za ku tarar jarka guda ta lita 25 ta ishe shi yini, har da 'yar rara. Wannan ba ya fi ƙarfin ɗan shekara 12 ba. A ba da ruwan da sassafe ko da yamma, kada a ba da rana tsaka, don wani kasonsa sama zai tafi. A ba shi ya ratsa ƙasa sosai, don yayyafi sama sama saiwa ya ke koya wa lalaci, ta ƙi nutsawa. Inda ruwa ke da wuya, sai a binne tulun ƙasa har wuya tsakiyar fangali, a cika shi, a rufe bakinsa, ya riƙa tsattsafowa kai tsaye ga saiwa. Ruwan alwala da na wanke hatsi kuma kada a zubar banza, a bi da shi gindin zogale.

Darasi na uku, sanin ƙasa. Ƙasa tsirara a rana kamar kai ne ba hula. A rufe ta da ƙaiƙayi, ko ɓuntu, ko busasshiyar ciyawa, danshi ya daɗe, ciyawar banza ta rasa haske. Kashin awakin nan da abokinmu ya raina, shi ne abincinta, amma sai ya ruɓe tukuna, gama ɗanyen taki ƙona shuka ya ke yi. A haƙa rami, a riƙa zuba shi da sharar gida da ɓawon kayan miya da 'yar toka, a yayyafa ruwa, a juya lokaci lokaci, bayan 'yan watanni ya zama baƙar ƙasa mai laushi. Wanda ya iya wannan, tsadar takin zamani ba ta hana shi miya.

Darasi na huɗu, yaƙi da ƙwari. 'Ya'yan darbejiya, waɗanda ku ke takawa a filin makaranta, in an daka su aka jiƙa suka kwana, aka tace aka fesa da yamma, suna hana tsutsa da ƙwari da yawa cin ganye. Amma akwai abokan gāba da suka fi ƙarfin dabarar gida. A shekarar 2016 wata 'yar tsutsa mai shiga cikin ganye, wadda Turawa ke kira Tuta absoluta, manomanmu suka sa mata suna sharon, ta cinye tumatir a jihohin Kaduna da Kano da Katsina, har miya ta gagari masu albashi a Ikko. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne, ta ƙetare teku, ta biyo ta Turai ta iso mu. Wa zai karanta labarin irin wannan annoba tun tana nesa, ya gane takardar da ke jikin kwalbar magani, ya san awon da ba zai kashe mai fesawa da mai ci ba? Ashe ba ɗan makaranta ba ne? In shi ya gudu, wa ya bar wa aikin?

Har labarin ƙasa yana cikin garka. Tumatir da barkono da masara da rogo daga ƙasashen Amurka suka zo. Mangwaro da zogale da darbejiya daga wajen Indiya. Kakanninmu sun karɓi baƙin iri, sun gwada, sun zaɓa, sun mai da su 'yan gida, ba su da allon aji ba su da malamin gona. Wannan shi ne ainihin aikin da ake kira bincike. Sa'an nan jikansu ya zo ya ce musu jahilai!

ƘASAR DA KU KE SO KU BARI

Ku dubi kuma irin ƙasar da Allah ya ba ku. Kudancin Katsina, watau wajen Funtuwa da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, kan sami ruwan sama kamar inci 40 a shekara, milimita 1,000 ke nan, alhali arewacin jihar bai cika samun kusa da haka ba. Ƙasar tana da jiɓi, tana da fadamu. Ba banza ba Turawa suka kafa gonar irin auduga a Daudawa, suka kafa injin gurzar auduga a Funtuwa, suka bi da hanyar jirgin ƙasa ta nan daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda. Ba banza ba kuma, da Bankin Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka tashi gwada manyan ayyukan raya noma a 1975, Funtuwa na cikin wurare uku na farko, tare da Gusau da Gombe. Tashar binciken noma ta Samaru, wadda aka fara tun 1922, ga ta nan kusa, ba ta kai tafiyar yini ba. Baƙi sun ƙetaro teku don wannan ƙasa, ɗan ƙasa yana neman kuɗin motar barinta.

Su Turawan da ku ke koyi da su ma, sa'ad da Yaƙin Duniya na Biyu ya matsa, jiragen ruwa masu kawo abinci suna nutsewa, Gwamnatin Ingila kira ta yi kowa ya haƙa bayan gidansa, har filayen shaƙatawa na London aka nome. Akawu da malami da likita duk suka duƙa, ba wanda ya ce ya fi ƙarfin taki. Mu ma a 1976 Gwamnatin Janar Obasanjo ta yi irin wannan kira na ciyar da ƙasa, makarantu suka buɗe gonaki. Ku tambaya a makarantarku ina gonar nan ta ke yanzu.

MAGANAR DA BA TA ƁOYUWA

Na san abin da ke bakinku tun ɗazu, kuma ba zan yi kamar ban sani ba. Za ku ce, "Malam, wane shiru ka ke yabo? A Ƙanƙara? A Faskari? A Sabuwa?" Kun yi tambaya ta gaskiya, kuma duk mai yabon ƙauye da ya tsallake ta, maƙaryaci ne.

Daren Juma'a, 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati a Ƙanƙara, suka kora ɗaruruwan yara irinku cikin daji da ƙafa. Ranar 17 ga watan aka sako 344. A watan Yuni na wannan shekara an kashe mutane da yawa a Kadisau ta ƙasar Faskari. A watan Yuni 2024 aka yi irin wannan a 'Yargoje ta ƙasar Ƙanƙara. Tsakanin waɗannan akwai ƙauyuka da yawa da sunansu bai shiga jarida ba. Mutane sun bar gonakin nesa sun zama saura, waɗansu sun biya kuɗi kafin a bar su su girbe abin da suka shuka da guminsu, waɗansu sun kwashe iyali sun koma Funtuwa da Katsina da Kano, ba don sun raina fartanya ba, don su tsira da rai. Waɗannan ba da su na ke ba. Wanda ya gudu daga wuta ba a tambayarsa don me ya bar ɗaki. Ban kuma ce wa ko ɗayanku ya je gonar da ake ɗaukar mutane ba. Rai ya fi amfanin gona.

Amma ku lura, shiru iri biyu ne. Akwai shirun lafiya, wanda a cikinsa ka ke jin kukan kurciya, da ƙarar guga cikin rijiya, da luguden mata daga unguwa zuwa unguwa. Wannan cike ya ke da motsin mutane masu aikinsu. Akwai kuma shirun tsoro, na garin da aka watse, inda ciyawa ta rufe turmi. A watan Satumba 2021 Gwamnati ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da waɗannan uku, aka hana cin kasuwannin dabbobi, sai a watan Disamba aka fara maido da wayar. Mutanenmu sun ɗanɗana shiru a watannin nan, ba wanda ya ce a ƙara masa.

Saboda haka ina da magana da mutum biyu ban da ku. Na fari shi ne ɗan birnin da kan zo da Salla cikin mota, ya zauna gindin itace, ya ce, "Kai, ƙauye da daɗi, ba hayaniya!" ya cika bayan mota da masara da kaji, ya koma kafin magariba. Shirun nan da ya ke yabo, waɗansu ne suka biya kuɗinsa: wanda ya kwana bai runtsa ba yana tsaron gari, da wadda ta ɗebo ruwa ta raya itacen da ya ke sha wa inuwa. In yana son shirun, ya sa hannu: ya gyara rijiya, ya sayi injin ban ruwa, ya buɗe baki inda ake jin maganarsa. Na biyu kuwa hukuma ce. Tsaron rai da gona aikinta ne, ba alfarma ba ce. An kafa rundunar tsaron al'umma ta jiha a watan Oktoba 2023, an kuma yi zaman sulhu a waɗansu ƙananan hukumomi a 2025, har da Faskari. Ni ma'aunina ɗaya ne ga kowace dabara: ranar da tsohuwa za ta tafi fadama ita kaɗai ta tsinko yakuwa, ta dawo ba wanda ya yi zullumi, ran nan an yi aiki. Kafin ran nan, magana ce.

To, wannan masifa ta rushe ƙarata ne? Ko kusa. Ƙarfafa ta ta yi. Sa'ad da gonar nesa ta gagara, me ya rage wa gida in ba 'yar garkar bayan ɗaki ba? Ba ta cika rumbu, gaskiya ne, amma tana tsare miya, kuɗin cefane ya koma ga hatsi, yara su sami ganye a jikinsu. Wanda ma gudun hijira ya kai shi gidan haya, in ya iya aikin, buhu ya ishe shi: ya cika da ƙasa da taki, ya jingine a bango, ya shuka alayyafo. An ƙwace masa gona, ba a ƙwace masa sani ba. Sa'an nan ku tuna, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Garin da duk mai ilimi ya fita daga cikinsa, wa zai rubuta kukansa, wa zai tsaya gaban hukuma ya yi magana da yawunsa, wa zai karantar da ƙannenku? Ban ce tafiyar 'yan boko ce ta kawo 'yan bindiga ba, dalilan wannan suna da yawa. Amma na ce garin da 'ya'yansa suka raina shi ya fi saurin zama kufai, kuma ba ya tashi in ƙura ta lafa.

HUKUNCI

Ga abin da na ke roƙo, kuma bai fi ƙarfinku ba. Kowane ɗayanku, a hutun nan, ya ja fangali guda cikin gida ko inda iyaye suka amince da lafiyarsa, mita 3 da mita 1. Ya sami littafi ya rubuta ranar shuka, da ranar tsiro, da yawan ruwan da ya bayar, da abin da ya tsinka, da abin da za a biya in da kasuwa aka saya. In an koma makaranta ku gwada littattafanku, ku ga wa ya fi, ku tambayi dalili. Ku je wurin tsofaffin masu lambu da ladabi, ku durƙusa ku yi tambaya, gama suna da abin da ba ya cikin littafinku, ku ma kuna da abin da ba su da shi. Malamai kuma ina roƙonku, ku nemi wani horon, ku bar fartanya ta zama lada. A ba ajin da ya fi ƙoƙari fangali mafi kyau, abin da suka noma kuma su ci, ko su sayar su ga kuɗin da idonsu.

Sa'an nan kowa ya dasa itace guda. Mangwaro mai aure shekara 3 ko 4 ya fara 'ya'ya. Mai dasa shi yana faɗa wa duniya cewa yana nufin a tarar da shi nan, ko a tarar da nasa. Tsohon nan na Ƙanƙara da na ba ku labari, duk abin da ya auku a ƙasarsu bai hana shi ba ɗan mangwaronsa ruwa safe da yamma ba, ya kuma kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Da na ce masa ya yi ƙoƙari, sai ya ce, "Ai ba ni zan sha ba, na yaron nan ne." Yaron kuwa shi ne mai cewa me ya haɗa shi da kashin awaki.

Na gama ƙarata, shari'a tana hannunku. Wanda ya ga na yi kuskure ya rubuto, fili a buɗe ya ke, amma ya fara jan fangalinsa tukuna, don mu yi gardama da shaida a hannu. Allah shi kawo mana damina mai albarka, shi maido da waɗanda suka bar gidajensu lafiya, shi zaunar da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da sauran ƙasarmu cikin shirun lafiya, shi kuma sa albarka ga karatunku da aikin hannunku, amin.